Inna Furera da Ƙoƙon Gwajin Wuya

Har zuwa bara, duk wanda ya bi ta bayan masallacin Ba'awa da hantsi ya san inda zai tarar da Inna Furera. Tana bakin zaurenta a kan tabarma, ƙafa a miƙe, zaren abawa a faifai, wayoyin keke biyu a hannu. Su ne kibiyoyin saƙarta, maƙeri ya goge mata bakinsu. A gefenta akwai wani ɗan ƙoƙo mai girman kan jariri, da ya sha hannu har ya yi santsi. Ba na shan fura ba ne, in ka taɓa kuwa ka sha faɗa.

Rigunan sanyi take saƙa wa jarirai. Ta koya ne wurin matar wani malamin asibiti da ya taɓa zama a Ƙiru. Mata da dama sun koya tare da ita, amma wuyan riga ya raba su. Mu nan tsoronmu ɗaya ne, kada sanyi ya shiga ƙirjin yaro. Sai mai saƙa ta ɗame wuya tamau, ita a ganinta gata ta yi, a zo sa riga kai ya ƙi shiga. Ita Inna in ta iso wuya sai ta sauya hannu, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, ta kuma saki zare wajen rufewa. Daga nan ta kifa ƙoƙon a gwiwa ta zura masa rigar. In wuyan ya buɗe ya wuce, ya koma ya tsuke, shi ke nan. In ya cije sai ta warware, ko da mai riga na tsaye yana mita.

Shekarar da aka yi doguwar marka, Hasana matar Dikko, na rugar bayan gari, ta haifi bakwaini. 'Ya'ya biyu ta binne kafin shi, duk ciwon ƙirji. Hauwa ƙanwar Dikko ta saƙa masa riga don ƙauna, amma wuyan kamar bakin gora. Laraba ungozoma, wadda ta ba ni labarin, ta ce jariri na ta karkarwa, wasu na cewa a danna rigar da ƙarfi, wasu a kawo wuƙa. Ita ta aika a kira Inna. Tsohuwar nan ta ratso taɓo cikin yayyafi, ƙoƙo a hammata.

Tana shiga bukka ta ce, "Kai, ku dakata! Maɗigar ɗa za ku danne? In kuma kun tsaga da wuƙa, ai kun buɗe wa sanyi ƙofa."

Hasana ta ɗago ido ta ce, "Inna, wannan ma tafiya zai yi?"

"Rai na Allah ne, 'yar nan. Sa shi a ƙirjinki ki lulluɓe. Wuyan kuwa ki bar min."

Ba ta jefar da rigar Hauwa ba, ba ta kuma kushe ta ba. Wuyan kawai ta warware, ta zaunar da Hauwa a gefenta tana nuna mata. Gwajin farko ƙoƙo ya cije, ta sake. Na biyu ya wuce sumul. Aka sa wa yaro, wuyan ya kwanta masa luf, karkarwa ta lafa. Ranar suna aka ce Buba.

Inna, ke ce mai warware aikin yini ba tsaki. Ke ce kika shiga ruwa don ɗan da ba naki ba. Wallahi abin yana taɓa ni.

Bana yanar ido ta rufe mata gani, ta ajiye wayoyin. Rannan Hasana ta kawo mata nono, Buba na gabanta da sandar kiwo. Inna ta laluba ta shafa kansa ta ce, "Iye, Buba! Wannan kai ai ya fi ƙarfin ƙoƙona." Hasana ta yi dariya, ta kuma goge ido da bakin zane.

Mun gode, Inna, Allah ya saka da Aljanna. Ku kuma masu saƙa, ƙoƙon yana wurin Hauwa yanzu. Ku je ku gwada kafin ku kai wa kan ɗan mutane.