Ciyaman ɗinmu da Murarsa ta Shekara Uku

Ni na fara ambaton sunansa a taro, kuma wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Da wani ne ya kawo mana shi, da na samu wanda zan ɗora wa laifi in huta.

Mu manoman rake ne a wata fadama ta ƙasar Makarfi, ba nisa da Nasarawan Doya. Muna da ƙungiya tun zamanin iyayenmu, ba wata babba ba: injin ban ruwa guda biyu, da tiyo, da ƙa'idar wanda gonarsa za ta sha yau da wanda zai jira gobe. Tsohon da ya riƙe ta shekara da shekaru ko sunansa bai iya rubutawa da boko ba, amma kafin hantsi ya zagaye fadamar nan kaf da ƙafarsa. Da ya rasu sai muka ce zamani ya canza, muna son wanda zai shiga ofis ya yi magana a saurare shi. A daidai lokacin wannan mutumin ya dawo gida daga Kaduna, da 'yar motarsa da Turanci a baki. Ɗan garinmu ne, gonar ubansa tana jikin tawa, ko da yake rabonsa da ita tun yana saurayi. Na miƙe na ce ga shugaba Allah ya kawo mana. Aka yi na'am. Ni kuma aka ba ni sakatare, don na yi sakandare.

Abin da ya fara yi shi ne hana kowa kiransa da sunansa. Ciyaman za a ce, har da sa'o'in babansa. Na biyu, ya kama wani shago a bakin titi, ya sa aka yi masa fenti, ya ce nan ne ofis. Ya kawo kujera mai juyawa, ya kawo talabijin da janareta, ya ce don manoma su riƙa ganin yadda ake noma a ƙasashen da suka ci gaba. Ni dai ban taɓa ganin ko kunyar gona ɗaya a talabijin ɗin nan ba. Ƙwallo ake kallo, in babu ƙwallo a sa kokawar Turawa, in babu ita a sa waƙa. Kafin wata biyu ofishin ƙungiya ya koma gidan kallo, kuma gidan kallon da ba a biyan ko sisi ba ya rasa jama'a. Magidanta da 'ya'ya biyar biyar su bar gona da la'asar sakaliya su zo su yi cincirindo a ƙofa, suna gardama kan wani ɗan wasa da bai san da zamansu a duniya ba. Man da ake zuba wa janaretan, daga jarkar injin ban ruwa ake tsiyayo shi. Na gani da idona. Da na yi magana ya ce mini shugabanci sai da jama'a, jama'a kuma sai da abin da zai tara su.

Fadama kuwa sau biyu na san ya shiga a shekara uku, duka biyun don a ɗauke shi hoto. Ya taɓa ce mini shugaba ba fartanya yake riƙewa ba, waya yake riƙewa. To wayar ma in ka kira ba ya ɗauka.

Sai kuma robar lemon nan. Kullum akwai robar lemo a kan teburinsa ko a aljihun ƙofar mota, lemon ya yi duhu ya yi kauri fiye da yadda kamfani ya yi shi. Duk wanda ya kai shekarunmu a ƙasar nan ya san maganin tari ake tuttulawa a ciki. In ya lura kana kallo sai ya ɗan yi gyaran murya ya ce mura ce ta matsa masa. Shekara uku murar nan ba ta sake shi ba, rani da damina. Da safe mutum ne kamar kowa, har ya yi maka fara'a. Da azahar ta wuce sai idanu su kaɗa, harshe ya yi nauyi, ya yi ta maimaita magana ɗaya yana lumshe ido. Na sha faɗa wa kaina cewa abin da mutum ya zuba a cikinsa tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Ƙarya nake yi wa kaina don kada in amsa cewa na yi zaɓen tumun dare. Wanda ya sha ya kwanta a ɗakinsa, wannan shi ya jiyo. Wanda ya sha alhali abincin gidaje arba'in yana wuyansa, kowa ya sha tare da shi ko bai kurɓa ba.

A bazarar shekara ta uku rafin da ke shayar da fadamarmu ya ja baya da wuri. Mutanen ƙauyen da ke sama da mu suka jera buhunan yashi suka datse ruwan. Ba mugunta ba ce, su ma rakensu ne ke ƙishi, kuma ba yau aka fara ba. A da tsohon shugabanmu yakan ɗauki goro ya taka har can, a zauna, a raba kwanaki. Wannan karon wani dattijon malami da ke koyar da karatu a tsakanin garuruwan biyu, wanda kowa ke jin nauyinsa, ya ce mu haɗu a zaurensa bayan la'asar. Na gaya wa Ciyaman tun ana saura kwana uku. Na sake tuna masa da safiyar ranar. Ya ce in wuce gaba, yana tafe. Ashe ranar akwai babban wasan ƙwallo.

Muka zauna a zaure, mu shida, su bakwai. Aka gaisa, aka tambayi iyali da gajiya da zafi, aka sake gaisawa. Malam ya sa aka kawo ruwa. Har inuwa ta tsallake katanga babu shugabanmu, ni kuwa ina ta ƙirƙiro masa uzuri. Da ya iso, tun daga yadda ya taka dokin ƙofa na san an gama da mu. Bai cire takalmi ba sai da na taɓa shi. Ya zauna ya jingina da bango, Malam ya fara magana kan haƙƙin maƙwabtaka da yadda ruwa ba na mutum ɗaya ba ne, sai muka ji minshari. Wani daga cikin mutanen ƙauyen sama ya sunkuyar da kai. Na zungure shi da gwiwar hannu. Ya farka a firgice, ya dubi babban dattijon ƙauyen sama, mutumin da a shekaru ya yi jika da shi, ya nuna shi da yatsa.

"Kai ne ɓarawon ruwan? To ka sani ni ba a yi mini wannan. Waya ɗaya zan buga a zo a kwashe ku."

 Dattijon ya juya wajen mai zauren ya ce, "Allah ya gafarta Malam, mun zo don girmanka, za mu tafi don girmanka." Suka miƙe su bakwai suka sa takalmansu.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Malam ya dube ni, da ma ya san wanda ya yi ta yawo gida gida yana tallata mutumin.

Washegari ni da dattawa biyu muka hau babura muka tafi ban haƙuri. Ba su saurare mu ba sai a zuwa na uku, kuma ban ga laifinsu ba. Suka yarda su buɗe mana kwana biyu a mako. Kafin nan an shafe kwana goma sha ɗaya babu ɗigo. Gonakin da ke kusa da datsiyar suka farfaɗo. Na ƙarshen fadama, har da tawa, ganyen ya riga ya nannaɗe ya yi ja, sabon dashe ya ƙone a ƙasa. Shekarar ban kai ko ɗauri ɗaya kasuwar Makarfi ba. Na ga motoci suna lodin raken garin Kudan suna wucewa ta gabana, ni ina bakin titi kamar wanda bai taɓa noma ba.

Na kira taro don a sauke shi. A nan na gane ba shi kaɗai ne ciwon ba. Na faɗi abin da ya faru a zauren Malam tiryan tiryan, ban rage ba ban ƙara ba. Sai ga mutanen da rakensu ya bushe tare da nawa suna cewa a yi haƙuri, ɗan Adam ajizi ne, ai mutumin yana da kirki, bai taɓa korar kowa daga ofis ba. Wani ma cewa ya yi in an sauke shi wa zai riƙa kunna janareta. Shi kuwa yana zaune a kujerarsa yana juyawa hagu da dama. Da na gama ya yi murmushi ya ce, "Sakatare, ba kai ka ce ni ne shugaban da Allah ya kawo ba?"

Aka yi dariya. Na ajiye musu littafin ƙungiya a kan tebur na fita. Mu goma sha huɗu muka ware, muka haɗa ƙarfi muka sayi tsohon inji, kuma har yanzu ba mu naɗa kowa shugaba ba. Wanda ya riga kowa isa fadama shi ke tayar da shi. Sauran suka zauna da Ciyaman ɗinsu har injinansu biyu suka lalace ɗaya bayan ɗaya, babu mai gyarawa.

Mutane na ce mini riƙo ba kyau, kuma na san haka ne. In mun haɗu a jana'iza ina miƙa masa hannu, don ba zan ɗauki zunubin gaba saboda shi ba. Iyakarta ke nan. Bana na ji wai kansila yake nema. Wata safiya na fito na tarar an manna hotonsa a katangar gidana, ya sha babbar riga, an goge masa fuska ta yi sumul, a ƙasa an rubuta mai kishin manoma. Na koma ciki na ɗebo ruwa a buta, na jiƙa takardar, na kankare ta da wuƙar yankan rake. Maƙwabcina yana tsaye yana kallona, ya ce ai gobe ma za su manna wani. Na ce masa ina da ruwa, ina da wuƙa.