Malam Ubale da Ƙauyen da Ruwa Ya Ci

Shekara ashirin Malam Ubale yana koyar da tarihi a wata sakandare kusa da Tiga, ni kuma ina aji na gefensa ina fama da koyar da lissafi. Mutum ne gajere mai faɗa. Duk takardar da ɗalibi ya kawo masa, tambaya ɗaya yake yi: "Wa ya rubuta, kuma a ina yake tsaye lokacin da abin ya faru?"

Akwai wani ɗan littafi da ya ce ƙauyen kakanninsa, kafin ruwan dam ya shanye shi, bukkoki biyar ne cikin daji. Malam ya ɗauko Iya Saude mai bandar kifi, wadda aka haifa a can, ya zaunar da ita gaban aji. Ta ce gida ɗari uku ne, har da marina.

"Iya ma ta ƙara gishiri," in ji Malam bayan ta tafi. "Kewa ce. Shi kuma mai littafin ya rage, don kada a ce an tashi gari. Ku nemo shaida ta uku."

Wata ɗalibarsa, Nafisa, ita ce ta nemo. Ta bi masunta, suka nuna mata inda ba sa jefa koma, sai dai su yi sallama su wuce, domin maƙabartar ƙauyen ce a ƙasa. Faɗinta ya fi filin ƙwallo. Bukkoki biyar ba sa cika wannan.

Ta rubuta, aka kai gasar makarantu. Alƙalin gasar ya jujjuya rubutun hannunta ya ce, "Yarinya, tsohuwa da masunta ba madogara ba ne. A wane littafi kika gani?" Aka ba ta na ƙarshe. Wallahi ranar raina ya ɓaci, Malam kuwa ko abinci bai ci ba.

Ya kai rubutun Kano aka buga da inji, aka yi masa bango. Ko wasali bai canza ba.

Da shekara ta zagayo aka sake kai shi gasar, wannan alƙalin dai ya ɗaga shi sama yana cewa ga yadda ake bincike. Malam ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, maganar tsohuwar nan ce da ka kora."

Iya Saude ba ta ji ba. Wata biyu ke nan da muka kai ta makwancinta.