Ranar da Na Ƙi Shiga Maƙabartar Turawa da Goyo

Mount Hope

Asabar ce cikin Oktoba. Ina idar da sallar asuba na goya Sadik, watansa bakwai, na sauko benenmu na unguwar Mount Hope tun maigidana bai dawo daga tuƙin tasi ba. Ga waɗanda ba su sani ba cikinku, aikina kula da wata tsohuwar Baturiya ne, Madam Doris, wadda ƙafafunta suka mutu, sai keken guragu. Ɗanta Mista Gilbat ke biyana, shi ne kuma ya ce za mu tsibirin Staten Island neman dangin ubansa. Ni da na ji dangi sai na yi abin da kowaccenku za ta yi. Na soya cincin na zuba cikin bokiti, na ɗaura atamfar sallah. Na ce ai gida za mu, ba a rasa macen da za ta karɓi yaro. Shi ya sa ban kai shi wurin maƙwabciya ba.

Titin 125

Jirgin ƙasa ya sauke ni Harlem, unguwar Madam, wajen bakwai. Na yi wa tsohuwa wanka, na shirya ta. Gilbat ya iso da jaka maƙare da takardu da kyamara a wuya, ya dubi bokitina ya ce, "Mene ne wannan?" Na ce tsaraba. Ya ɗaga kafaɗa. Da ya buɗe baki a nan ya gaya mini gaskiya, da duk abin da ya biyo baya bai faru ba.

Kan ruwa

Mota ta kai mu bakin teku, muka shiga jirgin ruwan nan mai ruwan goro. Kyauta ne, amma girmansa ya fi unguwarmu. Ni dai addu'a nake, ina tattaɓa Sadik kada iska ta shige shi. Gilbat kuwa ya zuba labari. Wai kakan kakan kakansa a tsibirin nan aka haife shi, ya ɗaure kayansa a amalanken doki ya nausa yamma, can Ohio, ya sare daji ya kafa gona inda babu kowa.

Na ce, "Babu kowa? Ƙasar Allah da ruwa da itace, a ce ba mai ita?"

Ya ce to, akwai jajayen Indiyawa.

Na ce, "Su suka ba shi?"

Tsohuwa ta tuntsire da dariya har da tari. Shi kuma ya koma duban takardunsa.

St. George zuwa bakin ƙofa

Mun sauka St. George, tasi ta yi ta tafiya da mu har gidaje suka fara tsinkewa. Ina gyara ɗankwali, ina maimaita gaisuwar Turanci a raina, sai direba ya taka birki gaban wani tsohon coci. Bayansa duwatsu ne a tsattsaye, sun yi gansakuka. 

"Mista Gilbat, ina dangin?"

Ya nuna duwatsun yana murmushi. "Ga su nan. Uban mutumin da na gaya miki muke nema. Tura Mama, ciyawar da laushi."

'Yan'uwa, maƙabarta! Ni mace, da jinjiri a baya, ko haƙori bai fitar ba. Ko a gida wa ta taɓa ganin an shiga da goyo cikin kaburbura? Na ce ba zan shiga ba. Ya ce ai wuri ne kamar lambu, har mutane na cin abinci a ciki. Na ce su ci, ni ɗana ba zai shiga ba. Fuskarsa ta yi ja, ya ce, "Talatu, don tura keken nan nake biyanki. Ki yi tunani." Na san abin da yake nufi. Kuɗin hayar gida na jiranmu, kuma mai ƙaramin Turanci irina ba ta samun aiki a kan titi. Duk da haka na zauna a bencin jiran bas na ciro yaro na ba shi nono.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai, mai sharar cocin ya fito ya ce akwai wata tsohuwa daga cikin dangin da Gilbat ke nema, tana raye, layi biyu daga nan, ita kaɗai. Na miƙe da murna. Gilbat ya ce a'a, ba reshensu ba ce, kuma ba a faɗa wa mutum gida ba alkawari. Kun ji fa. Ka haye teku don wanda ya zama ƙasa, ga jininka na numfashi bayan katanga ka ce reshe.

Dole shi ya tura uwarsa. Ta tsakanin ƙarafan shinge ina hangensa, tayar ta nutse a taɓo, yana nishi, Madam tana masa faɗa. Daga baya ya bar ta a rana ya durƙusa gaban wani dutse, ya manna farar takarda yana goga gawayi don rubutun ya fito. Ko addu'a bai yi wa mamacin ba. Cincin ɗina mai shara na ba, ya ce zai kai wa tsohuwar nan da Gilbat ya ƙi zuwa gidanta.

Komowa

A jirgin ruwa Gilbat ya duƙufa kan takardunsa. Da muka kai Harlem na kwantar da Madam, ya tsaya bakin ƙofa ya ce ran Litinin zai kira ni mu yi magana a kan aikin.  Sai tsohuwa ta ɗago kai daga matashi ta ce, "Wace magana? Litinin ki zo da wuri, 'yata. In ka kore ta wa zai mini wanka, kakanka na Ohio?"

Na iso gida bayan la'asar. Na tuɓe Sadik na duba shi ko'ina, jikinsa sanyi ƙalau, yana ta wasa da ƙafa. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, ya bar mini ɗana da aikina.