Madogarin Bindigar Baba

Baba ya yi shekara talatin da huɗu yana yi wa masu gonakin masara da ke bayan garinmu aikin harbi. Idan aladun daji suka fara ɓarna, shi ake zuwa a ɗauka a bayan a-kori-kura. In lokacin farauta ya yi kuma, ya shiga daji da lasisinsa a aljihu, ya dawo mana da gada ko barewa. Manoma suna kiransa Harbi-ɗaya. Shi kuwa cewa yake yi ba gwaninta ba ce, rowar harsashi ce kawai.

A kan kofin shayi rawar hannunsa ta fara nuna kanta. Mama ta riƙa tsokanarsa: "Malam, yau ma sai tebur ya sha kafin kai?" Mu yi dariya har da shi. Kafin wata shida babu mai dariyar.

Ni ce babbar 'yarsa, a kantin magani nake aiki, don haka ni na kai shi wurin likita. Likita ya sa shi ya miƙe hannuwa, ya sa shi ya zana da'ira a takarda, ta fito kamar sawun kaza. Ya ce akwai ƙwayar da ke ragewa, babu mai warkarwa. Haka na ci gaba da wuni tsakanin ɗaruruwan kwalayen magani, ina miƙa wa kowa nasa, babu ɗaya da zan ɗauko in ce, Baba, ga naka.

A damina ta gaba ya harbi alade sau uku, sau uku yana kuskure. Bai gaya wa kowa a gida ba, a bakin direban a-kori-kurar na ji. Bayan kwana biyu ya same ni ina shanya.

"Uwata, an ce akwai wasu ƙafafu biyu na ƙarfe da ake ɗaura wa bindiga a ƙarƙashin baki, ta tsaya da kanta. Madogari suke ce masa. Ki raka ni in gani."

Tunda nake, ban taɓa jin Baba ya ce a raka shi ko'ina ba.

Shagon kayan farautar da muka je siriri ne, da kanta ta gilashi, ko'ina warin man goge ƙarfe. Mai shagon wani ƙato ne mai sanƙo, ba ya gaggawar magana. Ya duba lasisin Baba, ya duba bindigar ya tabbatar babu harsashi, sannan ya jera madogari uku a kan kanta.

"Wannan gajeren ya fi kowanne tsayuwa, Baba. Amma sai an yi ruf da ciki."

Ya ɗaura shi, ya shimfiɗa kwali a ƙasa. Baba ya durƙusa a hankali, ya kwanta, ya sa ido a saiti. Fuskarsa ta washe.

"Kai! Kamar an dasa ta."

Sai tashi ya gagara. Ya dafa ƙasa, gwiwa ta ƙi. Ya sake dafawa. Ni da mai shagon muka kama shi ta hammata muka ɗaga, kowa na kallon wani waje daban.

"Dama in masara ta yi tsawo, ba abin da na kwance zai gani sai kara," in ji mai shagon, don ya rufa masa asiri.

Na biyun dogo ne, na harbi daga zaune, mai nauyi, ba ya juyawa ko'ina. Na ukun kuwa yana da wuya mai juyawa hagu da dama, ƙafafunsa suna ƙara tsawo in an ja. Shi ya fi burge ni, na ce a ba mu shi. Mai shagon ya dubi hannun Baba a kan gilashi, zobensa na azurfa yana ta ƙwanƙwasa kanta shi kaɗai.

"Gaskiya ɗaya ce, 'yar'uwa. Mai juyawa yana bin dabba, amma yana bin hannu ma. Duk inda hannu ya kaɗa, can zai tafi."

Baba ya tambaya, "To wanne ne yake riƙe gindin bindigar?"

"Babu, Baba. Duka baki suke riƙewa. Gindi na kafaɗarka ne, kunama kuma ta yatsanka."

"Na ji. Ba ni dogon."

Ranar hutuna muka je bayan gona da safe. Ya sa na ɗora gwangwani a kan suri, na dawo bayansa na toshe kunnuwa. Cikin harbi biyar ya samu biyu. Ya ɗauki gwangwanin ya kawo wa Mama har kicin, ta juya shi tana cewa, "To madalla, yau miyar gwangwani za mu sha." Ranar ya ci abinci har da ƙari.

Sati biyu bayan haka wani mai gona a bakin rafi ya aiko a zo a harbe masa alade. Na ce zan bi su, Baba bai hana ba. Hantsi bai gama ɗagawa ba aladen ya fito daga cikin masara, ƙato, yana tonon ƙasa, bai fi taku arba'in ba. Baba ya zauna, ya kafa madogarin, bakin bindiga ya tsaya cak. Ni da ke bayansa ina ganin gwiwar hannunsa tana kaɗawa. Ya ja numfashi ya riƙe, ya saki, ya sake riƙewa. Na so in kama masa hannun, na san in na taɓa shi ba zai yafe mini ba.

Harsashin ya samu aladen a cinya. Ya yi wani ihu da ban taɓa jin irinsa ba, ya ja ƙafar ya faɗa cikin sarƙaƙiya. Baba ya bi jinin, bindiga da madogarinta a kafaɗa, ƙafafun ƙarfen suna maƙalewa a kowane reshe. Tun safe har la'asar muna jin kukan dabbar, mu matsa ta matsa. Da muka cim mata a kwance cikin laka, Baba ya ɗaga bindigar a tsaye, bakinta yana yawo. Ya sauke. Ya miƙa wa mai gonar.

"Ƙarasa ta, don Allah."

A bayan mota, da muka kusa gida, ya ce:

"Na kashe da yawa, Uwata. Ban taɓa wahalar da ko ɗaya ba sai yau."



Ranar Litinin ya sa farar riga, muka je ofishin lasisi ya mayar da bindigar. Jami'in ya karanta lambarta, ya rubuta, sannan ya nuna madogarin da biro.

"Wannan ba ya cikin takarda, Baba. Naka ne, cire abinka."

Baba ya kama notin da ya ɗaure madogarin, yatsunsa suka zame. Na gwada, ya ɗaure tam. Jami'in ya aika aka aro filaya daga ofishin da ke kusa, muna tsaye, layi na taruwa a bayanmu. Da aka kwance, ya turo wa Baba fom ya sa hannu. Jami'in ya kalli yadda biron ke rawa a kan layin, sai ya jawo akwatin tawada ya ce a dangwala kawai.

Muka fito rana ta take. Baba ya tsaya a bakin titi yana goge babban yatsansa da hankici, shuɗin ya ƙi fita. Motocin haya biyu suka tsaya, ya ɗaga musu hannu su wuce. Ya ce mu taka, ba nisa.