Wa Ke Sallamar Mai Gadi?

Shekara goma sha ɗaya maigidana ya yi a tafiyar Makka. Da ya dawo Birnin Gwari, gemu ya yi fari, zama kuma ya gagare shi. Ya shiga ɗaki ya fito, ya je bakin daji ya tsaya. In ya ji kukan jakunan fatake sai ya miƙe zumbur kamar an kira shi. Ni ma ya hana ni sukuni. Ina tuƙa tuwo kunnena na ƙofar gida, don tsoro nake kada ya sake tafiya.

Ashe bayan aikin hajji jirgin ruwa ya bi har tsibirin Sarandib, don ya ga dutsen da ake cewa Annabi Adamu ya sauka a kai. Can ya zauna cikin mabiya addinin Buda, ya dawo da labarinsu cike da baki.

Wata rana da hantsi muna gona, dawa ta fara nuna, birai sun addabe mu. Ina kan rumfar tsaro ina wurga majajjawa ina zage-zage, shi yana ƙasa yana dariya.

"Kin tuna mini da masu gadin ɗakunan ibadarsu," ya ce. "Gumaka ne, ido jajur, haƙora a waje. Wai da can miyagun iskoki ne, malamin addinin ya rinjaye su, suka rantse za su tsare ƙofa. Muninsu na korar ɓarna ne."

"To, na gode, Malam," na ce. "Ranar da ka tafi, haka ka bar fuskata?"

Ya san sau biyu 'yan'uwansa suka so raba gonar nan, ya kuma ji irin bakin da na kore su da shi. Har yau akwai masu sauya hanya in sun hango ni.

Maimakon ya ba ni haƙuri, sai ya ɗauko wata maganar. Wai malaman addinin Buda na farko, masu zurfin tunani, sun ce mutum ba abu ɗaya ba ne tsayayye. Kamar dawa yake: ta bana ba ita ce ta bara ba, ba kuma wata daban ba ce. Don haka wanda ya tafi, ba lalle shi ne ya dawo ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Wato duk shekarun nan wa nake jira? Na sauko daga rumfar.

"Su masu gadin nan, yaushe ake sallamarsu?"

"Ba a sallamarsu."

"Kai fa? Za ka bi ayarin da zai tashi jibi?"

Ya kalli daji. "Ban sani ba," ya ce. Wallahi gara ya mare ni.

Kashegari na miƙa masa majajjawa, na ƙulle kayana, na bi matan da ke zuwa Gayam, wurin yayata. 'Ya'yanmu mata biyu suna gidajen aurensu, babu wanda zai karɓe shi tsaro. In ya tafi, na rasa shi, birai kuma su cinye gonar. Na sani sarai, na tafi.

Kwana huɗu na yi, ban ci abin kirki ba. Yayata ta ce, "Ke da kika zo hutu, kin fi kaza mai neman wurin ƙwai zirga-zirga." A rana ta biyar na kamo hanya, ban ko biya ta gida ba, gona na nufa.

Tun daga nesa na ji wata murya a dishe tana ashar. Malam ne, mutumin da ya taɓa ɗakin Ka'aba! Rawani ya warware, zufa ta jiƙa riga. Bai iya majajjawa ba, birai sun ci rabin dawar.

Ya hango ni. "Ke! Haka kika yi ta fama?"

Na zauna a kan kunyar gona na fashe da kuka. Ban taɓa murnar asara irin ta ranar ba.