Saje Ɗalha da Ƙotar Dattijuwa

Duk wanda ya saba bin hanyar Kabo zuwa Gwarzo da sassafe ya san wani dattijo mai tsohon babur, wanda ba ya gudu ko da hadari ya taso. Saje Ɗalha Mijinyawa ke nan, mai kula da ɗakin makamai na filin da jami'an tsaro suke atisayen gasar harbi. In ya isa, ba ya zaman shayi. Tsumma da ɗan mai zai ɗauka, ya bi bindigogin gasa ɗaya bayan ɗaya, yana gogewa yana yi musu magana kamar makiyayi a cikin awakinsa. Shekara talatin da 'yan kai yana wannan aiki, ban taɓa ganin sunansa a jarida ba. Abin yana ci mini rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami da na ji ya yi ritaya.

A cikin bindigogin akwai wata tsohuwar ƙaramar bindiga da kowa yake kira Dattijuwa. Don harbin natsuwa aka ƙera ta: mutum ya tsaya, ya ja numfashi, ya yi saiti son ransa, sannan ya taɓa kunama. Bakinta dogo, gabanta da nauyi, ƙotarta ta hannun ƙato. Da ita Saje ya ci lambar yabo ɗaya tilo da ya taɓa ci a ƙuruciyarsa, har katakon ƙotar ya lotsa daidai yatsunsa. 'Ya'yansa ma sun san in ana maganar Dattijuwa, su ne na biyu.

Ita aka damƙa wa Kofur Kamila, 'yar garin Lakwaya, da ta shiga ƙungiyar harbi ta Kano. Gasar mata kashi biyu ce, na natsuwa da na sauri. A na farko babu mai kama ƙafar Kamila. A na biyu kuwa, inda ake ɗaga hannu daga ƙasa a harba kafin allon da ake harbi ya juya baya, sai ta yi ta watsa harsashi kamar mai yafa riɗi. An nemi sababbin bindigogi, ba su iso ba. Koci Badaruddeen, mai horar da su, ya faɗa mata gaskiya: in ta sake faɗuwa a gasar ƙasa ta bana, za a ba wata gurbinta, ita kuma ta koma gadin ƙofa.

Ta samu Saje idonta jawur. "Baba, ko dai hannuna ne ba na harbi ba?"

"Hannunki lafiya lau, 'yata," in ji shi. "Dattijuwa ce ba 'yar gaggawa ba. Na fi kowa sonta, amma ba zan yi miki ƙarya a kanta ba. Nauyinta za ki saba da shi. Ƙotar ce ta fi ƙarfin tafinki, kina ɗagowa kina laluben saiti, lokaci kuma ba ya jira."

Mahaifin Saje masassaƙi ne a Durun, kuma ba ya auna ƙotar fartanya da ido. Ɗanyen yumɓu yake ba manomi ya damƙa, ya bi sawun yatsun ya sassaƙa. Saje ya nemi izinin manya, ya ɗebo yumɓu daga garinsu, ya miƙa wa Kamila. "Damƙe, kamar kin kama ɓarawon akuya." Ta yi dariya ta damƙe. Saura itace. Sabon maɗaci zai tsage kafin ya bushe, ga gasa ta matso. Busasshen katako ɗaya ne a duniya da ya hau wannan bindiga daidai, shi ne ƙotar da take jikinta.

Koci ya ba ni labari cewa da ya ga an zaro wuƙar sassaƙa, sai ya ce, "Saje, ka tabbata? In ka fere ta ba ta dawowa fa." Saje ya shafa gurbin yatsunsa, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ni na ci nawa. Bismillah." Ya sa wuƙa.

Kai ne, Baba Ɗalha, ka share sawun hannunka da hannunka don na 'yar wani ya zauna. Ɗan masassaƙi, uban bindigogi! Da wani ne, da ya ce doka ta hana taɓa kayan tarihi, kuma da babu mai ganin laifinsa.

A gasar, Kamila ta yi wa sauran nisa a kashin natsuwa kamar yadda ta saba. A na sauri, masu sababbin bindigogi sun fi ta, ba za a ɓoye ba, domin ƙota ba ta mayar da tsohuwa yarinya. Amma ba ta ƙara watsa ko ɗaya ba. Da aka haɗa maki, zinare ya zo Kano. Saje yana gida a Kabo aka buga masa waya, maƙwabta sun rantse sun ji shi yana kabbara har kan titi.

Ranar walimar sallamarsa aka ce ya yi harbin bankwana da Dattijuwa. Ya ɗauka, ya juya ta nan, ya juya ta can, hannunsa ya ƙi shiga. Kamila ta sunkuyar da kai. Shi kuwa sai ya fashe da dariya, ya miƙa mata. "Ta daina gane ni. Alhamdu lillahi, ta yi sabuwar uwar ɗaki."

Mun gode, Saje. Allah Ya ba ka hutu mai albarka, Ya saka maka da mafificin alheri. Ku kuma manya da kuke riƙe da kayan aiki, a ofis ko a gareji ko a gona, ku duba na ƙasa da ku, ku ga ko hannunsa ya kai. In bai kai ba, Saje ya nuna muku inda ake sa wuƙa.