Aron Bunsuru

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Malam Haruna, malamin dabbobi, wanda ya ƙarar da ƙarfinsa a kan babur tsakanin Kazaure da Roni da Gwiwa yana duba awakin mutane. Allah Ya jiƙansa. Bana ban yi niyyar rubuta komai ba, wallahi na gaji, amma abin da ya faru a ƙofar gidana makon jiya ya hana ni yin shiru.

A unguwarmu ba kowa ke ajiye bunsuru ba. Ga wari, ga ci, ga ɓarna. Gida ɗaya ke riƙe shi, sauran su zo aro idan akuyarsu ta nemi barbara. Ba a biya, ba a ma cika yin godiya ba, da igiya kawai ake zuwa. Yaya Haruna ne mutum na farko da na ji ya ce a'a. Sai ya tambaya ko awakin gidan sun taɓa ɓari. In sun yi, to bunsurunsa ba ya fita. Har ya koma ga Allah wasu "mai rowar bunsuru" suke ce masa. Dariya yake yi, amma ni na san abin yana ci masa rai.

"Cutar nan ba ta zama baƙuwa," haka yake cewa. "Ta shiga akuya ta koyi akuya, ta shiga saniya ta koyi saniya." Mu kuwa a lokacin gani muke ciwon akuya na akuya ne, mene ne haɗinsa da saniya?

'Yarsa Rakiya, wadda ta karanci aikin ubanta, ita ta warware mini zancen a bara. Ashe ƙwayar cuta ma tana da gadon halitta, kamar yadda ɗa ke ɗauko kamannin uba. Gadon nan yakan sauya kaɗan-kaɗan, wasu ƙwayoyin har aron na juna suke yi, sai wadda ta saba da jikin akuya ta iya zama a jikin tunkiya ko saniya, ko mutumin da ya sha ɗanyen nono. Dabbar da ke yawo gida-gida kuwa ita ke kai ta inda za ta koyi sabon jiki.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Kowane lungu turke ne, dabbobi suna shigowa daga kan iyaka a cakuɗe cikin mota ɗaya, kowa ya sayi allura a kasuwa ya zama likitan kansa. Ba zai ce "ai na faɗa" ba, ba halinsa ba ne. Tsaki zai ja, ya tayar da babur.

Awakinsa suna hannuna, da su ake yi wa marayunsa hidima, kuma ban taɓa ganin ɓari a cikinsu ba. To, makon jiya sai ga Malam Idi, maƙwabcina tun muna samari, wanda ya kwana tare da ni a asibiti lokacin jinyar Yaya. Ya zo da igiya. Na kuma san awakinsa sun zubar da ciki da damina, ni na taya shi binnewa.

"Malam Idi, ka yi haƙuri, ba zai yiwu ba."

"Haba Malam Sule! Ni?"

Na fara kawo masa bayanin Rakiya, ya ɗaga mini hannu. Ya naɗe igiyarsa a hankali, ya ce Allah Ya ba mu alheri, ya juya.

Babur ɗin Yaya ya ruɓe a zaure, waɗanda ya yi wa aiki da yawa sun manta sunansa. Abin da ya rage mini nasa garke ne mai lafiya da wannan a'a ɗin, kuma sai yanzu na san nauyinta. Ban yi nadama ba, amma ban ji daɗi ba ko kaɗan. Ranar Juma'a muka taru muka yi wa Yaya addu'a, na aika wa Malam Idi da tuwon sadaka kamar kowace shekara. Kwanon ya dawo a rufe, ba a taɓa ba.